Zane-zanen Manjo Denham na Fadar Barno: Shaida Ne Ko Ƙage?

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin tarihin Afirka ta Yamma, da wuya a ce bai ci karo da hoton Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ba, wanda mutanen Barno suke kira Shehu Laminu: mutum mai kwarjini yana zaune, da rawaninsa da rigunansa. An buga hoton nan a littattafan makaranta, an rataye shi a bango, yanzu kuma yana yawo a wayoyin jama'a. Kaɗan ne daga cikin masu kallonsa suke tambayar wanda ya zana shi. To, wani hafsan sojan Ingila ne, Manjo Dixon Denham, wanda ya shiga Kukawa ranar 17 ga Fabrairu, 1823, tare da Laftanar Hugh Clapperton na sojan ruwa da likita Walter Oudney. Daga Tarabulus suka taso, suka ratso sahara ta Murzuk da Bilma, cikin rakiyar wani attajirin Fezzan mai suna Bu Khalum da mayaƙansa Larabawa. Bayan Denham da Clapperton sun koma gida, sai aka buga littafin tafiyarsu a Landan a 1826, cike da zane-zanen fadar Barno da dakarunta.

Ba Denham kaɗai ya yi wannan sana'a ba. Kafin na'urar ɗaukar hoto ta bayyana a 1839, har ma shekaru da dama bayan bayyanarta, ana koya wa hafsoshin Turai zane a matsayin wani ɓangare na aikin soja, domin su iya kawo siffar ganuwa da mashigin kogi da tudu. Da irin wannan hannu ne Kwamanda Frederick Forbes na sojan ruwan Ingila ya zana fadar Sarki Gezo na Dahomey da mayaƙansa mata, aka buga a 1851. Haka Laftanar James Rattray ya zana fadar Shah Shuja da sarakunan Afganistan lokacin yaƙin farko da Ingila ta kai ƙasar, aka buga a 1848. A yau dillalan kayan tarihi a Turai suna yage waɗannan shafuka daga tsofaffin littattafai, su sa musu gilashi, su sayar ɗaya-ɗaya. Muhawarar da ke kansu iri ɗaya ce ko'ina: shin abin da mai kallo yake gani fadar ce kamar yadda take, ko kuwa fadar da ke cikin kan baƙon soja? Zan tsaya a kan Barno, domin ita ce muka fi iya auna maganar da ita.

Masu kare waɗannan zane-zane suna fara hujjarsu da abin da ba wanda zai musa: ba mu da wasu. Magabatanmu sun bar mana rubutu mai yawa. Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma tun ƙarni na 16. Akwai jerin sarakunan Sefawa, akwai takardun mahram da sarakuna suke ba malamai, akwai wasiƙun da al-Kanemi da Muhammadu Bello suka yi musaya a kan halaccin jihadi, waɗanda Bello ya adana a cikin Infaƙul Maisuri. Amma malamin da ya riƙe alƙalami bai zana fuskar sarki ba, kuma ba zai zana ba, saboda hukuncin addini a kan suranta mai rai. Bai kuma tsaya yana bayyana yadda ake naɗa rawani ko yadda ake ɗaura wa doki lifidi ba, domin duk mai karanta shi yana ganin waɗannan kullum. Abin da ɗan gida ya saba da shi har ya daina gani, shi baƙo yake tsayawa ya ƙura wa ido. Ga shi kuma Kukawar da Denham ya gani ba ta nan: Rabeh ya rushe ta a 1893. Birnin da Mai, sarkin Sefawa, yake zaune ya zama kufai, gidan Sefawa kansa ya ƙare a 1846. Da babu, in ji masu wannan ra'ayi, gara ba daɗi.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, domin ana iya gwada ta. Denham ya zana barden Shehu sanye da sulke daga wuya har gwiwa, da kwalkwali a ka. Ya zana mahayan Bagarmi, su da dawakansu duka a lulluɓe cikin lifidi mai kauri, riƙe da dogayen māsu. Ya zana 'yan ƙasa na Kanembu da garkuwoyinsu na itace mara nauyi, da maharban Manga da bakansu. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau, ya ga 'yan lifida da 'yan sulke sun wuce, ba ya buƙatar wani farfesa ya gaya masa cewa mutumin nan ya ga abin da ya zana. Ɗinkin lifidin, yadda ya sauko ya rufe ƙirjin doki, yadda mahayi yake zama a sirdi mai tudun gaba da baya, duk suna nan yadda muka san su. A nan kasancewarsa soja amfani ta yi. Denham ya yi yaƙi a Sifen da Fotugal zamanin Napoleon, ya san doki, ya san makami. Da limamin coci aka turo ko ɗan kasuwa, da wataƙila ba mu sami wannan dalla-dalla ba.

Har zanen da aka fi ƙorafi a kansa yana da abin da ke gaskata shi. A watan Maris na 1823 Denham ya je gaida Mai Ibrahim, sarkin Sefawa, a birninsa kusa da Kukawa. Zanen ya nuna Mai yana zaune cikin wani ɗan keji na itace, da ƙyar ake hango shi ta tsakanin sanduna, fadawa kusan 300 suna zaune a fili sun juya masa baya. Mai kallo na yau zai iya cewa wannan ƙari ne. Amma tun a ƙarni na 14 Ibn Battuta ya ba da labarin cewa sarkin Barno ba ya bayyana ga jama'a, sai dai ya yi musu magana ta bayan labule. Shekaru kusan 470 tsakanin labarin biyu, mutanen biyu ba su san juna ba, amma al'adar ɗaya ce. Masu kare Denham suna cewa, idan har abin da ya fi kama da tatsuniya ya tabbata, me zai sa a yi shakkar sauran?

To, a daidai wannan zane ne masu suka suke kafa tutarsu, kuma a ganina a nan ne maganar take da nauyi. Ba su ce babu kejin ba. Cewa suka yi Denham ya ga abin, amma bai fahimce shi ba, kuma rashin fahimtar ya shiga cikin zanen kansa. Fadawan Mai an fito da su kamar tuluna: tumbi ƙato, kai ƙato, rawani ya kusa fin mutumin girma. A rubutun da ya raka zanen, Denham ya yi musu dariya sosai, ya ce wanda Allah bai ba tumbi ba sai ya cusa tsumma, kuma mutum ɗaya yakan sa riguna takwas ko goma a kan juna. Abin da bai tsaya ya auna ba shi ne, a Barno ta wancan zamani ƙyallen saƙi, wato gabaga, kuɗi ne da ake ciniki da shi, riga kuma dukiya ce da sarki yake yi wa bawansa tukwici da ita. Bafaden da ya fito da riguna goma yana nuna wa duniya matsayinsa ne da yawan alherin da ubangidansa ya yi masa. Juya wa sarki baya kuwa ladabi ne, don kada a ƙura wa mai martaba ido. Mu da muke ganin dogarai suna baza manyan rigunansu su kare sarki idan zai hau doki ko zai gyara zama, muna ganin amawali ya rufe bakin sarki, mun san wannan tunani ba baƙo ba ne. Baƙo ko da ido, makaho ne. Mai sayen zanen a Landan a 1826 abin dariya ya gani, kuma don ya yi dariyar aka ƙara wa tumbin faɗi.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Denham baƙon Shehu Laminu ne. Shehu ne ya sauke shi, ya ciyar da shi, shi ne kuma yake ba shi izinin fita ko ya hana shi. A lokacin kuwa Barno tana da fada biyu masu kishin juna. Tun da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu a 1808, Mai ya nemi taimakon wannan malami na Kanembu, iko ya riƙa zamewa daga hannun Sefawa yana komawa hannun al-Kanemi, wanda ya gina Kukawa a 1814. Sarauta tana wajen Mai, dakaru da hukunci suna wajen Shehu. Dubi yadda littafin ya raba su. Shehu: an same shi a ɗan ƙaramin ɗaki mai duhu, zaune a kan darduma, sanye da riga shuɗiya irin ta ƙasar Hausa, ba ado, ba hayaniya, fuskarsa mai hankali. Mai: keji, kakaki, tumbi, holoƙo. Wannan shi ne ainihin labarin da mutanen Kukawa za su so a ba duniya game da gidan da suke shirin gajewa. Ba na cewa Shehu ya kama hannun Denham ya zana. Amma wanda ya yi kwana da kwanaki yana cin tuwon gida ɗaya, yana jin hirar fadawan gidan, da idonsu zai je ya kalli ɗaya gidan. Saboda haka son zuciyar da ke cikin zanen ba na Bature kaɗai ba ne. Har da na mai masaukinsa. Shekaru 23 bayan wannan ziyara, Shehu Umar ɗan al-Kanemi ya kashe Mai Ibrahim ɗin nan da ke cikin keji.

Suka ta gaba ta shafi hanyar da zane yake bi kafin ya zama abin da muke gani. Abin da matafiyi yake kawowa gida ɗan zayyane ne na fensir, an yi shi a gurguje, wani lokaci da zazzaɓi a jiki. A Landan sai a miƙa shi ga mai sassaƙa hoto a kan farantin ƙarfe, wanda daga shi ake buga ɗaruruwan kofe. Edward Finden, wanda ya sassaƙa zane-zanen Denham, bai taɓa taka Barno ba. Inda fensir ya bar giɓi, shi zai cike da abin da ya koya a makarantar zane: tsayuwar doki irin ta gumakan Turai, naɗin tufa irin na mutanen Rum, fuska irin wadda masu saye suka saba gani a hotunan Larabawa da Turkawa. Haka aka yi wa Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim: sanannen hoton nan na Kano daga kan Dutsen Dala, daga zayyanensa na 1851 ne, amma wani mai zane a Jamus, Johann Martin Bernatz, shi ya mai da shi hoton da aka buga. Yawancin zane-zanen littafin Denham baƙi da fari aka buga su. Launin da ake gani a kan wasu kofe da ke kasuwa daga baya wani ya shafa shi da hannu, don su fi shiga ido. Wanda ya dogara da irin wannan launi ya ce ga kalar alkyabbar fadawan Barno, ya dogara ne da zaɓin wani mai shago.

Wani zanen ma tun asali ba a wurin aka yi shi ba. A watan Afrilu na 1823 Denham ya nace ya bi harin da Bu Khalum da Barka Gana, babban kacallan Shehu, suka kai kan garuruwan Fulani a kudancin Mandara. A Musfeya aka fatattake su. Kibiya mai dafi ta kashe Bu Khalum, shi kuwa Denham aka kama shi aka tuɓe shi tsirara, da ƙyar ya sha da ransa. Duk da haka akwai hoton wannan hari a cikin littafin, an tsara shi tsaf. Mutumin da ke gudun ceton rai ba ya riƙe da fensir. Kuma kada a manta abin da ya kai su: farautar bayi ce, wakilin ƙasar da ke shelar hana cinikin bayi yana cikin ayarin. Masanin tarihi E. W. Bovill, wanda ya sake tace takardun wannan tafiya aka buga a shekarun 1960, bai ɓoye ra'ayinsa ba cewa Denham mutum ne mai son kai da yabon kansa, wanda ya danne ƙoƙarin abokan tafiyarsa a cikin littafin. Oudney dai ba ya nan balle ya kare kansa. Ya rasu a Murmur kusa da Katagum a Janairun 1824, a kan hanyar Kano.

Sai kuma abin da zanen bai nuna ba. Soja mayaƙa yake gani. Idan ka jera hotunan fada da irin waɗannan hafsoshi suka bari, za ka ɗauka sarauta ba komai ba ce sai hawa da māsu da bushe-bushe. Ina zaman shari'a? Ina magatakarda da wasiƙunsa, ina malaman da suke karatu a zaure, alhali shi kansa al-Kanemi malami ne kafin ya zama mai dakaru? Ina Magira, uwar Mai, da Gumsu, uwargidansa, waɗanda suke da ƙasa da bayi da faɗa-a-ji a sarautar Barno? Baƙo namiji, kuma ba Musulmi ba, iyakarsa zaure da filin ƙofar fada. Abin da ya gani ranar karɓar baƙi ne, ranar da aka shirya domin a burge shi. Mahayan da suka tarye su a bakin Kukawa suka yi ta sukuwa har suka matse su, an fito da su ne don Larabawan Bu Khalum da Turawan su san cewa ƙasar tana da masu ita. Wannan fada ce cikin kayan Sallah.

Wasu masu sukar suna wuce nan, su ce zane-zanen leƙen asiri ne kawai, share fagen mamaya. Suna da abin kamawa: gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, Denham yana ƙirga dawaki da bindigogi duk inda ya je, ya harba rokoki a Kukawa don ya nuna ƙarfin ƙasarsa, kafintansu William Hillman kuma ya ƙera wa igwa biyu na Shehu karusa, aka yi amfani da su a yaƙin Ngala da Bagarmi a 1824. A ƙarshe kuma jikokin Turawan nan sun dawo, suka shiga Barno a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. A nan kam ban bi su duka ba. Shekara tamanin ba kwana tamanin ba ce. Turawan 1823 ba su da ƙarfin cin kowa. Roƙon hanya suke yi, ana ba su ko a hana su. Shehu Laminu ya tsare su inda yake so, Sarkin Musulmi Bello ya karɓi Clapperton a Sakkwato a Maris 1824 amma bai bar shi ya wuce zuwa Yawuri da Nufe ba. Taswirar ƙasar da aka zana wa Clapperton a fadar Bello ma tana cikin littafin nan na 1826, wato sarakunan nan su ma suna zaɓen abin da za su nuna da abin da za su ɓoye. Wanda ya mai da su mutanen da aka yi wa wayo kawai, ya rage musu daraja fiye da yadda Denham ya yi.

Haka kuma ban yarda da masu cewa a watsar da zane-zanen gaba ɗaya ba, domin na ga abin da yake cike gurbinsu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, shekaru bakwai kafin Clapperton ya isa Sakkwato. Ba wanda ya zana shi yana raye. Amma yau ga hotuna nan suna yawo a Facebook da WhatsApp an rubuta sunansa a ƙasa, wasu na wani mutum ne daban, wasu kwamfuta ce ta ƙirƙire su, jama'a kuma suna ta sa albarka. Bello ma siffarsa a rubuce Clapperton ya bar mana ita: mutum mai cikar zati, da gajeren gemu baƙi, da riga shuɗiya da farin rawani wanda ya rufe hanci da baki. Idan aka gwada da waɗannan hotunan bogi, zanen Denham yana da daraja ɗaya da ba su da ita: mun san wanda ya yi shi, mun san shekarar, mun san inda ya tsaya, mun san wanda ya ciyar da shi. Abin da aka san asalinsa ana iya tuhumarsa.

Ni a wurina, matsayin Denham matsayin shaida ne a gaban alƙali. Ba a korar shaida don baƙo ne, ba a kuma yanke hukunci da bakinsa shi kaɗai. Ana tambayarsa inda yake tsaye lokacin da abin ya faru, ana binciken alaƙarsa da masu ƙara, ana neman wanda zai gaskata shi. Da wannan ma'auni, na karɓi shaidarsa a kan sulke da lifidi da garkuwa da tsarin zaman fada, domin kayan suna nan, rubutun Larabci da al'adar da ta rage sun goyi bayansa. A kan kamannin fuskar Shehu Laminu, na karɓa da rabin zuciya, saboda hannun Finden ya shiga tsakani. A kan girman tumbin fadawan Mai da ma'anar abin da suke yi, da hoton Musfeya, na ƙi karɓa.

Kirana ga masu rubuta littattafan makaranta, da gidajen tarihi, da fadodin da suke rataye irin waɗannan hotuna, shi ne kada a sake buga ɗaya daga cikinsu tsirara. A rubuta a ƙarƙashinsa cewa Manjo Denham ne ya zayyana shi a 1823 yana baƙon Shehu, aka sassaƙa shi a Landan, aka buga a 1826. Malamin tarihi kuma, idan ya nuna wa ɗalibai hoton Mai Ibrahim cikin keji, ya tambaye su a gidan wa mai zanen ya kwana kafin ya je.